Yadda Ake Bin Diddigin Jirgin B-24 Guda Ɗaya a Yaƙin Duniya na Biyu

Ɗalibin tarihi a Samaru, ko ɗalibin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke nan Zariya, idan ya tashi rubutu kan B-24 Liberator yakan ɗauko tambayar da ta fi ƙarfinsa: me wannan jirgi ya yi a yaƙi? Jirgin yaƙin Amurka ne mai inji huɗu da wutsiya biyu, ya fara tashi a San Diyego ranar 29 ga Disamba 1939, kuma kafin a daina ƙera shi a 1945 an fitar da sama da 18,000. Ya yi ruwan bama-bamai a Turai, ya yi farautar jiragen ƙarƙashin teku a Atilantika, ya yi jigila zuwa ƙasar Sin. Babu mai tattara wannan a aikin zango ɗaya. Abin da zai yiwu shi ne ka ware jirgi guda, ka bi shi tun daga masana'anta har ranar da aka soke shi daga lissafi, kuma aikin gaba ɗaya a kan lambarsa ya rataya.

Lamba kafin suna

Sunan da aka zana a hancin jirgi kamar rubutun goshin gingimari ne: motoci goma na iya ɗaukar rubutu iri ɗaya, amma lambar shasi ɗaya ce tak. Ma'aikata kan ba sabon jirgi sunan wanda suka rasa, wani lokaci su ƙara "na biyu", wani lokaci ba su ƙara komai ba. Wanda ya bi suna zai haɗe tarihin jirage biyu ko uku ya mayar da su ɗaya.

Lambar sojan saman Amurka kashi biyu ce. Ɗauki 41-24301, lambar wani B-24 mai suna Lady Be Good, wanda labarinsa zai zo a gaba. Wannan 41 shekarar kasafin da aka ware kuɗin sayen jirgin ce, ba shekarar ƙira ba, kuma shekarar kasafinsu a lokacin daga 1 ga Yuli take farawa. Shi wannan jirgi bai isa Libiya ba sai Maris 1943. A jikin wutsiya kuwa ana yar da alƙalamin farko da karan tsakiya, sai ka ga 124301. Idan hoto ne a hannunka, to ka mayar da 4 a gaba, ka sa kara bayan alƙalami na biyu. Kada ka rikita wannan da babbar lambar da ke hanci, irin 64 da ke jikin Lady Be Good. Wannan ta cikin gida ce, runduna ke bayarwa, kuma idan jirgi ya salwanta wani ake miƙa wa.

Rubuta cikakken nau'in ma, misali B-24D-25-CO, inda harafin D ke nuna samfurin jirgin. Haruffan ƙarshe masana'anta suke nunawa, kuma biyar ne: CO San Diyego, CF Fort Worth, DT Tulsa, NT Dallas, FO kuwa masana'antar Ford da ke Willow Run. Da wannan za ka kama kuskure da wuri. Idan hoto ya nuna hanci mai gilashi irin na D, alhali lambar da ka karanta ta faɗa cikin jerin J mai kurtun bindiga a hanci, to ko dai ka karanta 3 a matsayin 8, ko an sake wa jirgin hanci bayan fitowarsa, domin an yi wa wasu hakan. Jerin lambobin da Joe Baugher ya tattara a intanet ya isa a fara tantancewa, amma mafari ne kawai.

Jiragen da aka ba Birtaniya aro lamba biyu gare su: ta Amurka, da ta Ingila mai harafi biyu da alƙaluma uku, kamar BZ832. Na sojan ruwan Amurka kuwa PB4Y-1 ake kiransu, da nasu jerin lambobin daban.

Shirya takarda kafin ka sayi data

Ja layi a littafi ko a kwamfuta, gida bakwai: kwanan wata, lambar jirgi, runduna, inda ya tashi, inda ya nufa, abin da ya faru, da takardar da ka samo bayanin har da shafinta. Idan Excel kake amfani da shi, mayar da gidan lamba na rubutu tun kafin ka shigar da komai. In ba haka ba, jirgin kasafin 1940 mai 02349 a wutsiya zai koma 2349, sifirin ya ɓace, shekarar ta ɓace tare da shi. Duk fayil da ka sauke, sa masa suna da runduna da wata da shekara nan take, domin takardun manya ne kuma ba ka son sake biyan data a kan abu ɗaya.

Takardun Amurka

Kowane jirgi yana da katinsa, wanda ke nuna ranar da soja suka karɓe shi, sansanonin da ya zauna a cikin Amurka, da ranar da ya ƙetare teku. Kwafinsa yana hukumar binciken tarihin sojan sama da ke sansanin Maxwell a Alabama, ana nema ta imel da cikakkiyar lamba. Matsalar katin ita ce da zarar jirgi ya fita waje sai ya yi shiru. Sau da yawa abin da za ka gani kalmar sirri ce kawai, irin SOXO da ke nufin Birtaniya, sai ranar sokewa. Ranar sokewar nan kuma ta akawu ce, tana iya biyo bayan faɗuwar jirgin da kwanaki ko makonni, don haka kada ka rubuta ta a matsayin ranar da aka harbo shi.

Abin da ya faru a tsakani sai a rahotannin rukunin da jirgin ya yi aiki. A nan ka lura da aro tsakanin rundunoni. Harin matatun man Fuloyeshti a Romaniya ranar 1 ga Agusta 1943 daga Bangazi aka tashi, amma uku daga cikin rukunai biyar, wato na 44 da na 93 da na 389, daga Ingila aka aro su. Na 98 da na 376 ne 'yan gida. Ganin jirgin Ingila a Libiya a wannan damina ba kuskuren takarda ba ne. Kuma idan wani littafi ya ce jirage 178 suka tashi, wani ya ce 177, dukansu suna da hujja, domin ɗaya ya faɗi wajen tashi.

Takarda mafi daraja ita ce rahoton ɓatan ma'aikatan jirgi, wanda ake gajartawa MACR. Yana ɗauke da lambar jirgi, lambobin injuna huɗu, lambobin bindigogi, sunayen mutanen ciki, bayanin wanda ya gan su a ƙarshe, da ɗan zanen taswira. Asalinsu suna ma'ajiyar ƙasa ta Amurka, kwafinsu kuma yana shafin Fold3 na biyan kuɗi. Iyakarsa biyu. An fara tsarin ne a Mayu 1943, don haka asarar da ta gabaci wannan ko dai babu rahoto, ko an rubuta shi daga baya. Sannan jirgin da ya faɗi a filinsa, aka san inda kowa yake, ba nan za ka same shi ba. Rahoton haɗari za ka nema a Maxwell.

Takardun Ingila

Waɗannan sun fi sauƙin samu daga Zariya. Kundin ayyukan kowace sikwadiron, wato ƙaramar rundunar jiragen yaƙi, yana ma'ajiyar ƙasa da ke Kew a Landan ƙarƙashin AIR 27, wata-wata, ana saukewa bayan an yi rajista. Kashi biyu ne. Fom 540 taƙaitaccen labarin wata ne. Fom 541 shi ne mai lambar jirgi, sunayen ma'aikata, lokacin tashi da na sauka. Fara da 541. Akawu gajiyayye ne ya buga shi da tafireta, wani lokaci harafin da sikwadiron ta ba jirgi kaɗai ya sa, kuma harafi yakan koma kan sabon jirgi, don haka ka gwada shi da Fom 78, katin zirga-zirgar jirgi da gidan tarihin sojan saman Ingila a Hendon ke riƙe da kwafinsa.

Ko ya bi ta Kano?

Nan ne masu rubutu daga Arewa suka fi zamewa. Hanyar Takoradi da aka buɗe a Satumba 1940, ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lami (N'Djamena ta yau) zuwa Khartum da Alƙahira, ta jiragen da ake kawowa cikin akwati a haɗa ce, irin Hurricane da Blenheim. B-24 ba a akwati yake zuwa ba. Da kansa yake ƙetare teku daga Natal ta Barazil zuwa Akkara, ya ratsa Afirka ta tsakiya. Amma bayan da sojojin ƙawance suka sauka Arewacin Afirka a Nuwamba 1942, masu zuwa Turai da yawa sun koma bin Dakar da Marrakesh, masu zuwa Indiya da Sin ne suka ci gaba da bin ta nan. Ranar fita da inda aka nufa za su ba ka hasashe. Hujja sai littafin matuƙi ko takardar umarnin tafiya.

A Kaduna, ma'ajiyar takardu ta ƙasa da Gidan Arewa tafiyar yini ɗaya ce daga Zariya. Nemi fayilolin lardi, KANPROF da ZARPROF, kan filin jirgi, leburori da diyyar gonaki. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa nan Zariya a 1939 za ta ba ka yadda mutane suka ji labarin Yaƙin Hitila, amma kada ka sa ran lambar jirgi, domin motsin jirage sirrin soja ne.

Inda takarda ta gaza

Lady Be Good, na rukuni na 376, ya tashi daga Suluƙ ranar 4 ga Afrilu 1943 zuwa harin Nafoli, fitarsa ta farko, bai dawo ba. A lokacin an ɗauka a Bahar Rum ya faɗa. Ashe cikin dare ya wuce sansaninsa bai sani ba, ya nausa Sahara kimanin kilomita 700 daga gaɓa, mutanensa tara suka dira da laima da mai ya ƙare. Masu neman man fetur ne suka hango shi daga sama a 1958, aka gano gawarwakin takwas a 1960. Wanda ya tsaya kan takardun 1943 zai rubuta teku, alhali yashi ne.

BZ832 na sikwadiron ta 200, da Lloyd Trigg ɗan New Zealand ya tuƙa daga Rufisk kusa da Dakar ranar 11 ga Agusta 1943, ya nutsar da jirgin ƙarƙashin teku U-468, shi ma ya faɗa teku, ba wanda ya tsira a cikinsa. Labarin daga bakin kwamandan Jamusawan da aka ceto ya fito, kuma da shaidarsa aka ba Trigg Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya. Saboda haka duk asarar da ka samu, nemi bayanin ɗaya ɓangaren da na binciken bayan yaƙi. Idan biyu suka saɓa, rubuta su layi biyu, kowanne da madogararsa, kada ka zaɓi wanda ya fi daɗin labari.

Kafin ka ce sun saɓa kuwa, duba ƙananan abubuwa. 4/5/43 a hannun Ba'amurke na iya zama 5 ga Afrilu, a hannun ɗan Ingila 4 ga Mayu. Fitar dare tana cin kwanan wata biyu, wani akawu ya sa ranar tashi, wani ya sa ta dawowa. Wani rahoton da agogon Girinwic yake lissafi, wani da na gari. Galan na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila 4.546, bam mai nauyin fam 500 kuwa kilo 227. Rubuta adadi yadda takarda ta kawo shi, ka sa juyinka a gida na daban.