Kurakuran da ke hana bugenbiliya fure

Na gaji da ganin mutum ya sayo bugenbiliya, fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, ya kashe ta da hannunsa, sannan ya ce mai lambu ne ya cuce shi.

Babban laifin shi ne ruwa, kuma ni ma ya ci ni. Tukwane huɗu na jera a tsakar gida, ina shayar da su safe da yamma kamar alayyafo, ina barbaɗa musu ragowar takin yuriya na gona. Ganye ya yi kore shar, rassa suka haye katanga, amma shekara biyu ko fure ɗaya ban gani ba. Da ruwan Agusta ya zauna, ganyen uku daga cikinsu ya yi rawaya ya zube. Na kife tukunya, sai ga saiwa baƙa ƙirin, ta yi laushi, tana wari. Ashe laka ta toshe hujin gindin tukunyar. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar nan.

Asalin shukar daga Kudancin Amurka ne, wajen Brazil, kuma sai ƙasa ta ɗan bushe take yin fure. Ku dubi na bakin titi a Kano da rani: ba mai kula su, amma sun yi ja zur. Yuriya kuwa ganye kawai take ƙara mata. Ni yanzu sai na cusa yatsa cikin ƙasar, in na ji danshi in wuce abina. Wasu na cewa ina wahalar da ita, amma har sai ganyen ya fara lanƙwasa nake ba ta ruwa, in ba ta sosai har ya fito ta ƙasa. Ƙasar kuma ina gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen takin shanu, in ɗora tsingaro kan hujin.

Sai dashe. Haba jama'a! Ya za ka kama ta a kara ka fizge ta daga leda kamar kana cire albasa? Saiwarta siririya ce, da ƙasar ta wargaje shi ke nan. Ka tsaga ledar da reza, ka sa ta a rami da ƙasarta dunƙule, da yamma.

Kada ka ajiye ta ƙarƙashin darbejiya. Tana son rana aƙalla awa 6. Ba ta manne wa bango da kanta, sai ka ɗaure ta, ni da tsumma nake yi don waya na yanka reshe. Aski kuma bayan fure ya zube, domin a sabon reshe wani ke fitowa. Af, jan abin nan mai kamar takarda ma ganye ne, furen gaskiya shi ne ɗan farin da ke tsakiya.

In hunturu ya kakkaɓe mata ganye, kada ka tumɓuke ta. Kankare bawon reshe da farce tukuna, in ka ga kore a ciki tana da rai.