Yadda zaka gane ko iskar da ke cikin ruwanka ta ishi kifi

Masu kiwon kifi a kududdufi da masu su a fadama, wannan magana taku ce. Kifi yana shaƙar oksijin ɗin da ya narke a cikin ruwa, wato iskar numfashi, kuma in ya yi ƙaranci zaka wayi gari ka tarar da kifi ya taso cikinsa sama alhali jiya da yamma lafiyarsa ƙalau.

Lokacin dubawa shi ne komai wallahi. Kar ka je da la'asar ka ce ruwa lafiya lau, domin da rana gansakuka da ciyawar ruwa suna ta zuba iska a ciki, da zarar rana ta faɗi kuma sai su daina, su koma shaƙa tare da kifin da kuma ruɓaɓɓen abinci da kashin da ya kwanta a ƙasa, haka iskar zata yi ta raguwa har gari ya waye. Saboda haka kana idar da sallar asuba ka nufi bakin ruwa. In ka ga karfasa ta taru a sama tana buɗe baki tana rufewa, to iska ta yi ƙasa sosai. Tarwada kuwa zata iya ruɗinka don ita dama tana leƙowa ta shaƙi iskar waje, sai dai ka lura in ta ƙi cin abinci.

Zafi ma yana rage ta. Ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita, in ya kai digiri 30 sai ya dawo wajen 7.5, shi yasa bazara ta fi hunturu haɗari. Abinda ake so kar ya gaza 5, in ya sauka ƙasa da 3 kam an shiga matsala.

Sai ka zura hannu cikin ruwan, in tafin hannunka ya ɓace maka kafin ruwa ya kai gwiwar hannu saboda kore, gansakuka ta yi yawa, da daddare zata cinye iskar. Amma in jan laka ne ya rufe ruwan, wannan gwajin baya aiki. Ka tono lakar ƙasa da sanda, in baƙa ce tana warin ruɓaɓɓen ƙwai to can ƙasa babu iska. Irin haka ake samu a wajen Hadejia inda ciyawar kachala ta toshe hanya ruwa ya tsaya cak, da kuma bayan ruwan farko da ya kwaso kashin shanu ya zuba a tafki.

Duk wannan kiyasi ne, lamba sai da mitar auna oksijin ko maganin gwaji da ake ɗigawa a kwalba, kuma ku biyar ko shida zaku iya haɗa kuɗi ku sayi guda. Wajen cika kwalbar ka nutsar da ita ka rufe tun tana cikin ruwa, kar kumfa ko ɗaya ya shiga, in ba haka ba lambar zata fito sama da gaskiya.

In alamun sun nuna, ka dakatar da abinci ranar, ka tada injin ban ruwa ka ɗaga tiyo yana feso ruwan sama yana dawowa, in da hali ka rage tsohon ruwa ka zuba sabo.