Yadda ake rainon furen okid a gida har ya sake fure

Abu na farko da nake so kowa ya riƙe shi ne, okid, wato wata furen ado da ake raino a tukunya, yawancin wadda ake ajiyewa a gida ba a shuka ta a ƙasa. Ni kaina ta farko da na samu haka na kashe ta, na ga tukunyarta cike da ɓawon itace sai tausayinta ya kama ni na juye ta cikin ƙasa mai taki, ko wata biyu ba a yi ba saiwoyin duk suka ruɓe suka yi baƙi, har yau abin yana min ciwo wallahi.

In yanzu za ka fara, ka nemi wadda ake kira Phalaenopsis, mai faffaɗan ganye da fure kamar malam buɗe littafi. Asalinta dazukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Filifin da Indonesiya, kuma a can manne take a jikin bishiya, saiwarta a waje tana shan iska, ruwan sama ya jiƙa ta ya wuce ta bushe. Toh wannan yanayin shi za ka kwaikwaya a ɗaki, shikenan.

Ka samu tukunyar roba garai-garai wadda ake ganin ciki, mai ramuka da yawa a gindi har da gefe, ka zuba gutsattsarin ɓawon itace ko na kwakwa da ɗan gawayi. Amfanin roba garai-garai shi ne saiwar ce za ta riƙa gaya maka lokacin ban ruwa, in ka ga ta yi fari-fari kamar azurfa to ƙishi take ji, in ka ga koriya shar ka rabu da ita. Yawanci sau ɗaya a sati ya isa amma dai ka bi saiwar, kar ka bi kalanda. Ka tsoma tukunyar a ruwa kamar minti 10 zuwa 15, ka ɗaga ta tsane tas kafin ka mayar, kuma da safe ya fi. Dan Allah kar ka bar ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen, wurin da sabon ganye ke fitowa, in ya shiga ka sa tishu ka tsotse shi, don in wurin nan ya ruɓe an gama. Saiwoyin da suke leƙowa waje kuma ba cuta ba ce, haka halinta yake, kar ka yanke.

Haske tana so sosai amma ba rana tsaka ba, tagar gabas ko bayan labule mai shara-shara. Ganye ya yi kore duhu sosai, hasken ya yi kaɗan kenan kuma da wuya ta yi fure a haka, in kuma ka ga tabo kamar ƙuna to rana ta yi yawa. Taki na ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalba, duk bayan sati biyu.

Yanzu maganar fure, nan ne mutane ke karaya. Sai ka ga ganye lafiya lau shekara guda ba fure, mutum ya ce ta ƙi. Ba ƙi ta yi ba, sanyin dare take jira. Tana buƙatar dare ya sauka wajen digiri 15 zuwa 18 na tsawon wasu makonni, in kuma zafi ya zauna sama da digiri 28 kullum to karan fure ba zai fito ba, sai ganye kawai. Don haka lokacin sanyi ka matsar da ita kusa da taga ko ɗakin da ya fi sanyi da daddare. Wata safiya za ka ga ɗan toho a gindin ganye, ka duba da kyau, in kansa mulmulalle ne saiwa ce, in kuwa ya ɗan baje da 'yar tsaga kamar hannu a dunƙule to karan fure ne, ranar da na fara ganin nawa sau uku ina komawa in duba. Daga nan sai haƙuri, wata biyu zuwa uku kafin ya buɗe, furen kuma yakan kai wata biyu ko fiye bai zuba ba.

In ƙunshin furen ya fito ka daina yawo da tukunyar, kuma ka nisanta ta da 'ya'yan itace masu nuna, iskar da suke fitarwa tana kakkaɓe fure tun bai buɗe ba. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke ɓuya a bayan ganye, ɗan sipirit a auduga ka goge shi.

Bayan furen ya zube, in karan ya bushe ka yanke daga gindi da almakashi mai tsabta, in yana kore za ka iya yankewa saman wata gaɓa wani lokaci ya sake reshe. Ɓawon kuma ka canja shi duk shekara ɗaya ko biyu tun kafin ya dagargaje ya riƙe ruwa, amma sai ta gama fure tukuna.