Yadda za ku ƙara gini a asibitin garinku ba ku manta da tsofaffi ba

Na zauna a kwamitin da ya ƙara gini a ƙaramin asibitin garinmu, kuma mun tafka kurakuran da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, shi ya sa na ce bari in rubuta wa duk wata ƙungiyar ci gaban gari ko unguwa da ke shirin irin wannan aikin. Garuruwanmu sun cika sun batse, asibitin da aka gina lokacin da gonaki ne kewaye da shi yanzu yana tsakiyar gidaje, kuma iyayenmu da suka yi aikin gayyar kwaɓa ƙasarsa su ne yau ake kawowa a Keke Napep da hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, yanar ido, ciwon gwiwa da matsalar fitsari.

Kafin a sayi bulo ko ɗaya, ku je ku zauna da incaj ɗin asibitin ku buɗe rejista ta shekara biyu ko uku da suka wuce. Su wa suka fi zuwa, wace cuta ce ke sa a tura mutum babban asibiti, wane wata ne gado ke ƙarewa har a kwantar da mutane a baranda? Mu mun shiga taro kowa na cewa tiyata, tiyata, don ita ce ke da suna, amma da muka duba littafin sai muka ga abin da ake buƙata ɗakin kwanciya ne na maza da na mata, da ɗan wajen awon jini da suga, da inuwar da dattijo zai zauna ya jira layi. Ɗakin tiyata ba likita ba mai ba da allurar barci sito ne kawai, buhunan siminti za a ƙare da ajiyewa a ciki.

Daga nan sai takardu. Asibitin na wa ne? In na matakin farko ne yana ƙarƙashin hukumar lafiya a matakin farko ta jiha da ƙaramar hukuma, in babban asibiti ne akwai hukumar kula da asibitoci, to ku samu amincewarsu a rubuce, kuma ku sa su rubuta cewa za su turo ma'aikata in an gama. Baki da baki ba ya aiki, ciyaman na sauka magana ta bi iska. Filin ma a tabbatar da iyakarsa a gaban mai unguwa da dagaci, sannan a kai zanen ginin hukumar tsara birane ta sa hannu, a Kano KNUPDA kenan. Kar kuma ku sa rai da kuɗin BHCPF, wato asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa kiwon lafiya a matakin farko, don gini. Wannan asusu dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ce ta kafa shi, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, amma abin da ke isowa asibitin mazaɓa na magani ne da ƙananan gyare-gyare, ba zai kai ku linta ba.

Yanzu wajen da nake so in daɗe, zanen kansa. Ku nemi akitek da injiniya masu rajista, ko da ɗan gari ne zai yi fi sabilillahi, kuma ku gaya masa ƙasa kuke so, ban da bene. Bene sai da lifta, lifta sai da wuta, wutar kuma kun san halinta. Mu mun ɗaga dandamalin gini sosai saboda ruwan damina, hakan daidai ne, amma sai muka sa matakala uku a ƙofa muka manta da gangara. Satin farko da buɗewa na ga an kawo wani dattijo da ɓarin jikinsa ya shanye, 'ya'yansa biyu da mai Napep suka ɗauke shi a tabarma kamar gawa, hularsa ta faɗi a matakala, yana ta ƙoƙarin jan rigarsa ya rufe ƙafafunsa da hannun da ke motsi. Wallahi ranar ban iya cin tuwo ba. Da birkila ya zo gyara sai ya zuba wata gangara mai tsayuwa kamar ta hawa da babur cikin zaure, wadda in ka saki keken mara lafiya a kai sai dai a tsince shi a kwata. Ƙa'idar ita ce 1 bisa 12, wato in tudun santimita 30 ne, tsawon gangarar ya kai mita 3.6, da ƙarfen riƙewa gefe da gefe, kuma a bar simintin da kaushi. Wannan ma ba alfarma ba ce, dokar masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya riga ya wuce.

Ƙofar ɗakin kwanciya ta kai faɗin mita 1.2 don gado ya shige da mutum a kai. Tayil mai sheƙi kuma ku rabu da shi duk kyansa, ruwan alwala kaɗan ya zuba tsohuwa ta zame, karayar ƙugu a wannan shekarun kuwa sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Banɗaki ma haka, mun saba da na tsuguno, amma mai ciwon gwiwa in ya tsuguna ba ya iya miƙewa, don haka a kowane ɓangare a sa aƙalla ɗaya na zama, da ƙarfe a bango, da famfo ƙasa-ƙasa inda hannu zai kai buta, ƙofar kuma ta riƙa buɗewa waje don in mutum ya faɗi a ciki jikinsa bai tokare ta ba. In akwai wanda zai je Ibadan a cikinku ya leƙa cibiyar kula da tsofaffi ta asibitin koyarwa na UCH da aka buɗe a 2012, ya ɗauko muku hotuna.

Sai mai jinya, wanda zane ba ya tunawa da shi. A wajenmu ba a kwantar da tsoho shi kaɗai, akwai 'ya ko suruka ko jika da za ta kwana, ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke dama kunu. Ku bar fili tsakanin gadaje da tabarma za ta shimfiɗu, ku sa labule, ku yi rumfa a baya ta girki da wanki da shanya, in ba haka ba a barandar ku za a hura gawayi.

Ruwa da wuta a sa su cikin lissafin farko, ba sai an yi fenti ba a fara neman wanda zai ba da sadaka. Rijiyar burtsatse da tanki a sama, sola mai batirin da zai kwana, don na'urar oksijin guda ɗaya tana cin wajen wat 300 zuwa 400 kuma ba ta san dare ba, ga firjin insulin da allurai. Tagogi manya masu fuskantar juna da silin mai tsayi, saboda zafin Afrilu kaɗai yana iya kwantar da mai hawan jini.

Kuɗi kuwa a buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, duk Juma'a a liƙa abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar masallaci a kuma tura a guruf ɗin WhatsApp na 'yan gari mazauna Legas da Abuja. Ɗan kwangila a biya shi mataki-mataki, tushe, linta, rufi, sai injiniya ya duba rodi da kwaɓin kafin a saki na gaba, a kuma riƙe wani abu har damina ɗaya ta wuce a ga ko kwano na yoyo. Lokacin aikin ku kewaye wajen da langa-langa, ku buɗe wa tifa wata ƙofar daban, ku riƙa yayyafa ruwa a yashi safe da yamma, don tsohon ɗakin yana nan yana aiki kuma masu asma da tari na kwance a ciki.