Darasi na 9: Jinga da Mai Saran Bishiya

Wanda ya shigo Marwa, a Arewacin Kamaru, abin da idonsa ke fara cin karo da shi dalbejiya ce, jere a bakin titi, wasu kuma sun leƙo ta kan katangun gidaje. Haka abin yake a Garwa. Daga ƙasar Indiya aka kawo ta, amma yau ta zama 'yar gari. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, babu ɗakin da ya kai inuwarta daɗi.

Sai dai bishiya ba ta san iyakar gida ba. Reshenta yakan hau kan kwano, saiwarta takan bi ƙarƙashin katanga ta nufi masai ko rijiya neman laima. Idan hadarin farkon damina ya taso da iska a watan Mayu ko Yuni, reshen da aka daɗe ana cewa "gobe a rage shi" shi ne ke faɗowa a kan ɗaki.

Ragewa ko kayarwa?

Yawancin bishiyoyin gida ragin rassa kawai suke so. Kafin ka ce a kayar, zagaya ta ka duba. Akwai kogo a jikinta? Gara ta ci gindin? Lemar kwaɗi na fitowa a kututturen? Ta karkata kwanan nan, ƙasar gindinta ta tsage ko ta ɗago? Idan ka ga waɗannan, kada ka jira damina. Idan ba ka gan su ba, a yi mata aski a bar ta. Inuwar da aka yi shekara 20 ana jira, awa 2 ta isa a gama da ita.

Lokacin sanyi ya fi dacewa da rage dalbejiya, don ta toho kafin bazara. Mangwaro kuwa sai an gama cin 'ya'yansa.

Izini tukuna

Tun shekarun 1970 gwamnatin Kamaru ta kawo shirin dashen bishiyoyi na Sahel Vert saboda fari da gurgusowar hamada, aka kuma farfaɗo da shi a 2008. Dokar gandun daji ta 1994 ma an sabunta ta a 2024. Saboda haka saran babbar bishiya a Arewa ba abin wasa ba ne. Je ofishin ma'aikatan gandun daji mafi kusa ka faɗi irin bishiyar da dalilinka, musamman in tsohuwa ce kamar maɗaci, tsamiya ko gawo. Wadda ke bakin titi ba taka ba ce, ko da kai ke share ƙarƙashinta kullum. Maganarta tana ofishin magajin gari. In tana kan iyaka, ka yi wa maƙwabci sallama, ka sanar da jauro, wato mai unguwa. In kuwa gidan haya kake, mai gida ne zai yanke shawara.

Reshen da ya taɓa wayar lantarki, ko ya kusa taɓawa, kada kowa ya hau. Ɗanyen ice yana jan wuta. A kira ma'aikatan lantarki su yanke wutar tukuna.

Wa za ka ɗauka?

Ba duk mai gatari ne mai sara ba. Tambayi maƙwabta wanda ya taɓa yi musu aiki, ka je ka ga bishiyar da idonka. Gwani yakan zo da igiya mai ƙarfi da tsani da adda da zarto ko injin yanka, kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Kafin ya faɗi kuɗi zai zagaya bishiyar, ya ɗaga kai sama, ya dubi inda ta rinjaya, ya tambaye ka ko akwai zuma a kogonta. Wanda ya yanka maka farashi tun daga zaure bai ga aikin ba, ka sallame shi da godiya.

A unguwarmu wani maigida ya ɗauki yaro mai adda saboda araha. Yaron ya hau, ya sari babban reshe daga sama kawai, babu igiya. Reshen ya ɓalle, ya saɓule ɓawon bishiyar har ƙasa, ya sauka a kan ɗakin girkin maƙwabta. Allah ya kiyaye babu kowa ciki. Kwano 6 aka saya da katako, ga zaman sulhu a ƙofar jauro. Yaron kuwa ko addarsa bai tsaya ɗauka ba. Araha dai ba ta ado.

Yadda ake jinga

Karanta wannan hira da ƙarfi, mutum biyu:

"Malam, nawa za ka rage mini rassan nan uku?"

"Alhaji, da kwashe ganye ko ban da shi?"

"Da shi. Har shara."

"Itacen fa, nawa ne ko naka?"

"Manyan nawa ne, ka faskara mini. Ƙirare naka."

"To, faskare kuɗinsa daban."

"Na ji. In reshe ya fasa kwano fa?"

"In sakacina ne, a cire a kuɗina."

Ka lura, ba su fara da ciniki ba, sai da suka gama ƙirga aikin. Maganar itace ita ce ta fi kawo rigima, domin a garuruwanmu itacen girki kuɗi ne, kuma mai sara yakan rage farashi in za a bar masa. Idan kayarwa ce, a yi maganar kututture tun farko. Dalbejiya ba ta mutuwa don an sare ta, tohowa take yi daga gindi, kuma tonon kututture wani aiki ne mai cin yini guda ko fiye. A kuma faɗi wanda zai biya mai amalanke.

Ka ba da kafin alƙalami kaɗan don sayen man inji, sauran sai an gama. Ku rubuta abin da kuka shirya a takarda, da kwanan wata, da shaidu 2. Wanda bai iya sa hannu ba tukuna ya dangwala yatsa.

Ranar aiki

A fara da safe, kafin iska ta tashi. A kwashe randa da tukwane, a kwance awaki, a fitar da babur. Yara su tafi gidan maƙwabta, ba bakin zaure ba, don kallo ne zai jawo su. Idan ana kayar da bishiya, duk wanda ba ma'aikaci ba ya yi nisan da ya kai tsawonta sau 2.

Tsaya daga nesa ka kalli hannun mai aikin. Babban reshe sara uku ake masa: a fara ɗan tsaga shi ta ƙasa, sannan a yanke ta sama can gaba kaɗan ya faɗi, daga baya a gyara guntun kusa da jiki, ba tare da an ci naman bishiyar ba. Reshe mai nauyi ana ɗaure shi da igiya a sauke a hankali. A gida mai ƙunci ba a kayar da bishiya gaba ɗaya, gunduwa-gunduwa ake sauke ta daga sama. Kada ka yarda a yi mata ƙwal-kwabo. Tohon da ke fitowa bayan haka ba shi da ƙwari, shi iska ke fara karyawa.

Kafin ka cika kuɗi, ɗaga kai ka duba ko an bar yankakken reshe a maƙale.

Aikin gida

An yi jinga a kan sefa 15,000. Ka ba da kafin alƙalami 4,000. Reshe ya fasa kwano ɗaya, kun yarda a cire 3,500. Nawa ya rage ka biya?

Rubuta takardar jinga ta layi 5 tsakaninka da mai sara a kan wata bishiya ta gidanku, ka kawo ta aji mako mai zuwa.