Tiyatar plastik ba roba ake liƙawa ba, ga yadda za ka gane wacce ake nufi

Bara da hunturu ɗan ƙanwata ya tsoma hannu a tukunyar kunu, shekararsa biyu lokacin, ciwon ya warke amma yatsu uku suka manne da tafin hannu, ko cokali ba ya iya riƙewa. Da likita ya ce sai an kai shi wajen likitan plastik sai Goggo ta ce atafau ba za a liƙa wa jikanta roba ba, kuma ai canza halittar Allah ne. Wata shida muka ɓata a gardamar nan wallahi, har yau abin yana min ciwo.

To plastik ɗin nan ba robar bokiti ba ce, kalmar daga Girkanci ta fito, ma'anarta siffanta abu kamar yadda mai ginin tukunya yake yi da yumɓu. Shi ne sunan fannin gaba ɗaya, kuma reshe biyu gare shi.

Na farko tiyatar maido da abin da ya lalace, ita ce tamu ta mutanen karkara. Ƙuna da ta ƙanƙance fata, jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganɗa, hannun da injin niƙa ya ci, ciwon noma mai cinye kumatun yara. Sau da yawa ma fatar mutum ce ake yankowa siririya daga cinyarsa a rufe wajen, naka ne ake mayar maka. Ɗayan reshen shi ne na kwalliya, mutum lafiyarsa ƙalau amma yana son rage tumbi ko gyara hanci ko ƙara mazaunai irin wanda ake zuwa Legas da Turkiyya, kuɗi ne tsagwaronsu kuma an sha rasa rai a ciki.

Tambaya ɗaya za ka yi wa kanka, shin wajen yana hana cin abinci, magana, numfashi ko riƙe abu, ko cuta ko haɗari ne suka ɓata shi? In eh ne to magani kake nema, kar kunya ta hana ka. Mu abin da ya sauko da Goggo shi ne da liman ya kawo mata labarin sahabi Arfaja wanda aka sare wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa na zinare.

Sai ka fara da babban asibitin da ke kusa da ku, ka nemi takardar tura ka gaba. A Kano akwai likitocin wannan fanni a asibitin Malam Aminu Kano da asibitin ƙashi na Dala. Tsagaggen leɓe ana ɗinke shi tun jariri yana wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma wajen shekara ɗaya, dan Allah kar a ɓoye yaro a ɗaka a ce sai ya girma, maganarsa ce za ta lalace. Ka tambaya ko suna aiki da ƙungiyar Smile Train, su suke biyan kuɗin irin wannan aikin. Noma kuwa akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, kyauta ake yi.

In ka zauna gaban likita kar ka yi ta gyaɗa kai kawai, tambaye shi aiki sau nawa za a yi, don wani sai an shiga biyu ko uku, daga ina za a ɗebo fatar, kwana nawa za ku yi don ka tanadi guzuri da wanda zai kula da gona. Duk wanda ya ce zai yi maka a bayan kemis, tashi ka ba shi waje.

Kuma ranar da ƙunar ta faru, ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara wa wajen har minti 20, ban da ƙwai ko man goge baki ko baƙin mai. Bayan aiki a dage da ɗaurin da suka ba da da motsa yatsun kullum ko yaro yana kuka, in aka yi sake fatar sake tsukewa take yi. Namu yanzu da hannun yake cin tuwo, ƙaramin yatsan ne dai bai gama miƙewa ba, wata mai zuwa za mu koma.