Kada ku yi wa kyanwa mai ƙiba horon yunwa

'Yan uwa na Damagaram, in kyanwarku ta yi ƙiba, ku rage mata abinci kaɗan-kaɗan. Kada ku yanke shi gaba ɗaya.

Kyanwa mai ƙiba in ta yi kwana 2 ko 3 ba ta ci ba, jikinta yakan tura kitse zuwa hanta. Hantar ta cika, ta kasa aiki. Ciwon nan yana kisa, wallahi.

Tawa ta ƙi ci lokacin zafin bazara a Birni. Na ɗan ɗumama mata dafaffen kifi, ƙanshin ya jawo ta.

Amma in dasashi, ido ko cikin kunne ya yi rawaya, ko tana amai, dabarar nan ba ta aiki. Ku kai ta wurin likitan dabbobi ranar nan.